Regileta na zafi a motar da aka ɗora wa injin babur: yadda zaka gano mai laifin kafin ka sayi sabuwa

Duk wanda ya taɓa hulɗa da irin ƙananan motocin nan da ake haɗawa a gida a Ingila, masu siffar Lotus Seven ɗin da ta fito a 1957, irin su Westfield da MK Indy da sauran waɗanda mutum ke walda shasinsu da kansa a gareji, ya san da yawansu injin babban babur ake ɗora musu, Honda Fireblade ko Yamaha R1 ko Suzuki Hayabusa. Mota ce marar nauyi, injin kuma na zagaye sama da dubu goma a minti, gudu kam ba'a magana. Amma akwai wata ƴar aba da bata kai tafin hannu ba da take hana masu su barci, wato regileta, wadda masu rewaya a wajenmu suka fi kira rektifaya. Zata yi zafi ta mutu, a sa sabuwa, bayan wata biyu ita ma ta bi ƴar uwarta, a sake sa wata. Abin da ke ci mini rai shine yawancin lokaci ba ita ce da laifi ba, wani abu ne ke kashe ta, kuma in ba'a kama shi ba to kuɗi kawai za'a riƙa zubarwa.

Mu fara da abin da take yi, don in baka gane wannan ba duk awon da zaka yi lalube ne a duhu. Injin mota yana da alternato da ke rage ƙarfinsa da kansa idan batir ya cika. Injin babur ba haka yake ba. A cikin murfin injin akwai kwayil a zaune cikin baƙin mai, maganaɗisu na jikin fulawil na zagaye shi, kuma ƙarfin maganaɗisun nan ba mai rage shi, don haka muddin injin na juyawa wuta na fitowa, ko ana buƙata ko ba'a buƙata. Wayoyi uku ne ke fito da ita, a Honda rawaya ne, a Yamaha yawanci farare, kuma wutar AC ce. Aikin regileta biyu ne, ta maida AC ɗin zuwa DC da batir ke sha, sannan ta tsare ta a wajen volt 14 da ɗan kai. To rarar fa? Tsohuwar irin, wadda itace a yawancin injinan da ake cirowa daga baburan shekarun 1990 da farkon 2000, sai ta haɗe wayoyin kwayil ɗin da juna ta maida musu wutarsu. Wannan haɗewar zafi take haifarwa a jikinta da jikin kwayil. Kaga kenan zafi ɗabi'arta ce, shi yasa aka yi mata haƙarƙari na alminiyam a baya. A kan babur iska na dukanta, a cikin mota kuwa sai a kulle ta ƙarƙashin bonet na faiba, kusa da bututun hayaƙi, inda iska bata ko leƙawa.

Kayan aikin ba yawa, mita ta dijital mai auna volt na DC da AC da om da diyod, samfefa, sifana, in da hali da ƴar bindigar auna zafi. Sai littafin gyaran babur ɗin da aka ciro injin daga jikinsa, don lambobin da zan bada na gaba ɗaya ne, na littafinka su ne gaba da nawa.

Mataki na farko, batir

Kar ka taɓa komai sai ka san lafiyar batir. Bar motar ta kwana ko ta huta na wasu awanni, ka ɗora mita a kan kawunan batir ɗin kansu ba a kan ƙarfen da ya kama su ba. Lafiyayye zai baka 12.6 zuwa 12.8. In ka ga 12.2 ko ƙasa, yi masa caji da caja tukuna sannan ka dawo. Sai ka bar mitar a kai ka tada motar kana kallo, in ya faɗi ƙasa da 10 lokacin da sitata ke juyawa to batir ɗin ya gaji. Batir mai mataccen ɗaki a ciki kamar tulu ne mai huda, regileta zata yi ta zuba masa wuta mai yawa ba tsayawa kuma bazai cika ba, ita ce zata sha wahalar. Kuma ka duba kawunan, in suna motsi da hannu ko sun yi farin gari to ka riga ka samu ɗaya daga cikin masu laifin.

Na biyu, awon caji

Injin na silo ka duba mita, sannan ka taka totur zuwa wajen zagaye 5000 a minti. Ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.7 haka, ya tsaya cak ba hawa da sauka. Kunna fitilu da fankar lagireto ka sake dubawa, kada ya sauka ƙasa da 13.5 sosai a wannan zagayen. A silo in ya ɗan sauka ba abin damuwa bane, haka injin babur yake.

In ya wuce 15 yana ci gaba da hawa, kashe injin nan take. Wannan shine mai haɗari, yana dafa batir, yana ƙona kwan fitila, kuma zai iya tafiya da kwamfutar injin wadda ta fi regileta tsada nesa ba kusa ba. In kuma ya maƙale a 12 da wani abu ko ka bashi wuta yana ƙara sauka, caji baya isowa.

Ga abin da mutane ke tsallakewa, su auna da sanyi su ga komai daidai su rufe bonet. Dan Allah ka maimaita awon bayan motar ta yi tafiyar minti ashirin ko talatin ta ɗau zafi sosai, domin da yawa daga cikin regiletocin da suka fara mutuwa da safe lafiya lau suke, sai sun gasu suke nuna halinsu. Ni shawarata ma ka sa ƙaramar mitar volt a dashbod ta zauna dindindin, ba tsada gareta ba, kuma ita zata faɗa maka tun kafin ka tsaya a hanya.

Na uku, soket ɗin wayoyi ukun nan

A nan zan daɗe, don a nan na fi kama ɓarawon. Kashe injin, bi wayoyi ukun daga murfin injin har inda suka shiga soket, ka zare shi ka duba ciki da fitila. Robar ta yi ruwan ƙasa? Ta narke ta gefe ɗaya? Ƙarfen ya yi baƙi ko kore? Ka sunsuna ma, warin ƙonanniyar roba baya ɓuya. Wayar da ke kusa da soket in ta yi tauri kamar kara tana karyewa in ka lanƙwasa, ta sha wuta ta gaji.

Lissafin mai sauƙi ne. Zafin da ke fita a mahaɗa shine amfiya sau amfiya sau om ɗin wurin, amfiya shine yawan wutar da ke wucewa, om kuma turjiyar da take gamuwa da ita. Ace amfiya 20 ke wucewa, tsatsa ta sa wurin ya zama om 0.05 kacal, wanda mitarka ma da ƙyar zata gani, to 20 sau 20 sau 0.05 ya baka wat 20, a kan ɗan ƙarfen da bai kai farce ba. Ai wannan ayan ɗin dalma ne ka kunna a cikin roba. Zafin na sassauta ƙarfen, sassautawar na ƙara om, om na ƙara zafi, haka dai har waya ɗaya ta yanke a bar biyu suna ɗaukar kayan uku, daga nan sai diyod ɗin cikin regileta, wato ƴan ƙofofin da ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, su fara mutuwa. Na taɓa ganin wadda aka canza wa regileta sau uku a jere, soket ɗin na nan a ɓoye cikin salatif ya narke ya zama dunƙule, ba wanda ya kwance salatif ɗin ya duba.

A motocin haɗin gida akwai ƙarin matsala, wayar babur gajera ce, don haka mai haɗa motar sai ya ƙara mata tsawo, wani da siririyar wayar da ya tarar a gareji, wani ya murɗe da hannu ya naɗe. Duk inda ka ga ƙari ka buɗe shi. Gyaran shine ka yanke duk inda ya ƙone har sai ka kai jan ƙarfe mai sheƙi, ka sa waya mai kauri, murabba'in milimita 2.5 zuwa 4, sannan ko dai ka sa sabon soket mai hana ruwa wanda aka yi don amfiya mai yawa, ko ka cire soket ɗin gaba ɗaya ka haɗa kai tsaye da matsi mai kyau da dalma ka rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Wayoyi ukun ba ruwansu da jeri, kowacce ta shiga kowane gurbi. Goge tsohon soket da samfefa a maida shi kuwa, wannan na kwana biyu ne, ƙarfen da ya taɓa gasuwa ya rasa ƙarfin matsewarsa har abada.

Na huɗu, wayar as da jar waya

Wannan awon injin na aiki ake yinsa, fitilu a kunne, a wajen zagaye 4000 ko 5000. Mita a DC. Ɗora tsinke ɗaya a jar wayar da ke fita daga regileta, ɗayan a kan fositif na batir. Abin da ka gani shine wutar da ke ɓacewa a hanya, kada ya wuce 0.2 ko 0.3. Sai ka yi haka tsakanin wayar as ta regileta, wato ta negetif ɗinta, da negetif na batir, shima haka. In ka ga rabin volt ko fiye, akwai mahaɗar da ta lalace, ka bi ta ɗaya bayan ɗaya, gidan fiyus, rile na sitata, makashin batir.

Shasin waɗannan motocin yawanci fentin gari ake gasa masa, mai kauri, kuma wuta bata ratsa shi. Sai mutum ya ɗaure wayar as a kan fentin ya ɗauka ya gama. Kankare wurin har ƙarfe ya fito fes, ɗaure, sannan ka shafa giris a sama saboda tsatsa. Abin da ya fi ma shine ka ja waya mai kauri, murabba'in milimita 4 zuwa 6, daga regileta kai tsaye zuwa negetif na batir, wata kuma zuwa fositif da fiyus na amfiya 30 ko 40 dab da batir ɗin, gwargwadon ƙarfin kwayil ɗinka. Kar ka manta da igiyar as tsakanin injin da shasi.

Wasu regiletocin suna da ƙarin siririyar waya da ke zuwa daga makulli, da ita suke jin yawan wutar da ke cikin mota. In makulli ko fiyus ɗin hanyar ya tsufa yana cinye rabin volt, regileta zata ɗauka batir bai cika ba ta ƙara masa, sai ka ga 15 a batir alhali ita lafiyarta ƙalau, ƙarya aka faɗa mata. Auna wannan wayar ka kwatanta da batir, in da bambanci to ka gyara hanyar ko ka ciyar da ita ta rile daga batir.

Sai makashin batir, jan makullin nan da motocin tsere ke sawa. In aka kashe shi injin na juyawa, kuma ba'a haɗa shi yadda zai kashe injin tare da bai wa wutar kwayil wurin zuwa ba, regileta na iya mutuwa a take. Haka cire kan batir injin na aiki wai don a gwada caji, wannan al'adar a daina ta.

Na biyar, kwayil

Zare soket ɗin wayoyi ukun, kana auna ɓangaren injin. Mita a om mafi ƙanƙanta, ka fara haɗa tsinkayen biyu da juna ka ga nasu om ɗin don ka cire shi daga lissafi. Auna ta ɗaya da ta biyu, ta biyu da ta uku, ta ɗaya da ta uku. Duka ukun su zo kusan ɗaya, ƙasa da om 1. Sannan kowace waya da jikin injin, nan kada mita ta nuna komai, in ta yi ƙara ko ta bada lamba to kwayil ya yi shot da jiki, sai canji.

Awon da ya fi faɗin gaskiya shine na AC. Soket a zare, mita a AC a kan ma'auni 200, tada injin ka kai 5000, ka auna bibbiyu kamar ɗazu. Yawanci zaka ga 50 zuwa 80, abin lura shine ukun su yi daidai da juna. Biyu 65 ɗaya 30, kwayil ya ƙone ta gefe. Ka kula da hannunka, wannan wutar tana ja, kuma kada tsinkayen su taɓa juna. Shima a maimaita da zafi. In ka buɗe murfin ka tarar wasu daga cikin naɗin sun yi baƙi ƙirin saura na ruwan zuma, ba sai an faɗa maka ba.

Na shida, ita regiletar

Sai yanzu muka iso kanta. Cire ta gaba ɗaya, mita a alamar diyod. Baƙin tsinke a jar waya, jan tsinke a kan kowacce cikin ukun, zaka ga kamar 0.4 zuwa 0.7 kuma ukun kusan ɗaya. Juya tsinkayen, kada ka ga komai. Sai jan tsinke a wayar as, baƙi a kan ukun, lamba iri ɗaya, ka juya, ba komai. Sifili ta kowane gefe ko shiru ta kowane gefe na nufin diyod ya tafi. Amma wannan awon rabin aikinta kawai yake dubawa, ɓangaren tsare volt baya gani, kuma sabbin regiletocin da ake kira MOSFET, waɗanda zan kawo a mataki na gaba, basa bada waɗannan lambobin. Don haka in batir lafiya, wayoyi lafiya, kwayil lafiya, caji kuma har yanzu ba daidai ba, ita ce, ko da ta ci jarabawar diyod.

Game da zafin kansa, kar hannu ya ruɗe ka. Hannun mutum baya jure abin da ya wuce digiri 55 zuwa 60, tsohuwar irin kuwa tana kai nan tana aikinta lafiya. Wadda tofin yawu ke tafasa a kanta, ko baƙar robar bayanta ta kumbura ta tsage, ita ce ta wuce gona da iri.

Wani abu da ke ba mutane mamaki, sai mutum ya canza duk fitilunsa zuwa LED don ya sauƙaƙa mata, a tsohuwar irin kuwa wutar da fitilun suka daina sha ita aka bar wa ta san yadda zata yi da ita. Ta ɗaya gefen kuma kwayil ɗin waɗannan injinan wat 350 zuwa 450 ne kawai, in ka tara masa fanka da famfon mai da waifa da hita da manyan fitilu, batir zai riƙa ƙarewa a cunkoso kai kuma kana zargin regileta. Zauna ka tara wat ɗin kayanka a takarda.

Na bakwai, wacce zaka saya da inda zaka ɗaura ta

In dai canji ya kama, ni bana ba kowa shawarar ya maida irin tsohuwar. Nemi ta MOSFET, ta kamfanin Shindengen na Japan, irin FH012 ko FH020, aikinsu iri ɗaya da tsohuwar amma zafin da suke yi kaɗan ne ƙwarai. Akwai kuma irin da ke yanke wutar kwayil ɗin maimakon haɗe ta, kamar SH775 da SH847, waɗannan har kwayil suke hutarwa, sai dai ka tabbatar wadda ka zaɓa tana jure yawan zagayen injinka kafin ka biya. Jabu sun cika kasuwar intanet, gida iri ɗaya, lamba iri ɗaya, ciki kuwa tsohon kaya ne. In kuɗin ya yi araha fiye da hankali ka bar ta, gara ta hannu da aka ciro daga babur ɗin da ya yi hatsari. Soket ɗinsu daban ne da na tsohuwar, ka saye su tare.

Wurin zama kuwa shine rabin maganin. Nisanta ta da bututun hayaƙi, ka kai ta ɗaya gefen injin in zai yiwu, kuma kar ka sa ta a bayan lagireto inda iska mai zafi ke fitowa. Gaban lagireto cikin hancin motar, ko gefen da iska ke shigowa, nan ne wurinta. Ɗaure ta a kan farantin alminiyam mai kauri kamar milimita 3 zuwa 5 wanda ya fi ta faɗi, ka shafa man nan da ake sa wa kan furosesa na kwamfuta a tsakaninsu, haƙarƙarin kuma su bi hanyar da iska ke bi ba su tare ta ba. Kan faiba ko katako ko kafet ba wurin ɗaure ta bane. In wuri ya ƙure dole sai cikin rufaffen lungu, ƙaramar fankar kwamfuta mai volt 12 da ke tashi da makulli tana taimakawa sosai, ko ka jawo mata iska da tiyo daga gaba.

Masu Ingila da sanyinsu ma suna kuka da wannan, to ina ga matasanmu da ke ƙera ƙananan motoci da injin babur ko na keke, ga zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ga ƙurar da ke toshe haƙarƙarin. Ƙananan injinan nan yawanci waya biyu ko ɗaya ke fitowa daga kwayil ba uku ba, lambobin AC ɗinsu ma daban, amma jerin binciken bai canza ba, kuma buroshi a kan haƙarƙarin duk sanda aka yi juyen mai yana da amfani.

Bayan ka gama haɗawa, fita da motar ka yi rabin awa, ka haɗa da tsayuwa a silo har fanka ta tashi sau biyu, ka dawo ka auna volt a batir injin bai mutu ba. Sannan ka kashe, ka bi wayoyi ukun da yatsa tun daga injin har regileta, ɗumi ba komai, amma duk inda ka ji wuri ɗaya ya fi saura zafi to mahaɗar nan bata kamu ba, yanke ta ka sake. Bayan sati biyu ka sake bin su haka.